Merle Hockenberry da Ƙaramin Duro

A garinmu, da can, in kana son sanin inda taya ta fi araha a duk yammacin Pennsylvania, sai ka tsaya a bakin coci ranar Lahadi. Merle Hockenberry zai zo ya gaya maka ko ba ka tambaya ba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tsaga katako a injin da ke bakin rafi, bai taɓa sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa masa ba. Ba rowa ce da shi ba sosai. Cin ciniki ne ya fi masa abinci daɗi. Ko zoben da ya auri Nadine da shi, sai da ya jira mai shagon ya karye yana gwanjon kaya.

Abu ɗaya ya tokare masa rai, surukinsa, tsoho Clair Yingling. A bangon ɗakin cin abincin tsohon akwai fatar baƙin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai yawan gashi, da ya harbo a dajin Maine tun yana da gashi a ka, fata ce da ta cinye rabin bango. Kowace Lahadi bayan coci can ake cin abinci, kujerar Merle kuwa ita ke fuskantar fatar. Ya harbi barewa ba adadi, amma a gidan Yingling barewa nama ce kawai. Beyar ne ake ƙirgawa.

"Mijin Nadine," haka tsohon ke kiransa, kamar ba shi da suna, "na ji an rage kuɗin beyar a kanti. Ka leƙa kuwa?"

Shekarar da ya yi ritaya, Merle ya ce ya isa haka. Duk lokacin sanyi ya ƙare shi a kan waya, yana kiran masu sansanin farauta ɗaya bayan ɗaya. Sau nawa ake cin abinci? Da zanen gado ko sai an zo da shi? Fiɗa a ciki take ko daban? Kofi fa? Har wasu suka gane muryarsa suka daina ɗauka.

Nadine ta ce, "Ka je inda Baba ya je mana, ka huta."

"Can ai kuɗin tawul mai laushi za a biya. Beyar bai san nawa mutum ya kashe ba."

Ya samo wani Armand Pelkey, can arewacin Maine, mai karɓar rabin kuɗin kowa. Kafin mako ya zagayo, shagon aski ya ji, coci ya ji, mai kawo wasiƙa ma ya ji. A teburin Lahadi Merle ya nuna bango da cokali ya ce a bar masa wuri kusa da waccan.

Ana gobe zai tafi, tsohon ya kira shi gefe, ba da wasa ba wannan karon.

"Saurara, yaro. Duk beyar ƙato ne a idon wanda bai saba ba. Kada ka yarda da idonka, ka yarda da duron abinci. In yana tsaye da ƙafa huɗu bayansa ya kai bakin duro, harba. In bai kai ba, bar shi ya ci ya tafi."

Merle ya riƙe maganar nan gam, don ita ce abu na farko da tsohon ya taɓa ba shi banda baƙar magana.

Sansanin Pelkey bukkar katako ce mai yoyo, wake da safe wake da yamma, ga wasu 'yan'uwa biyu daga Ohio masu bakin tsiya. Aikin kuwa yadda aka saba ne: jagora ya ɗaure duro a gindin bishiya, ya cika shi da tsohon donat, wato fanke mai sukari, da man suya, maharbi ya hau ɗan dandamali a wata bishiyar nesa kaɗan, ya zauna shiru daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Ba a bari ya matsa kusa da duron, kada ya bar warinsa. Washegarin isowarsa Merle ya ga Armand, dattijo siriri, ya goya duro a baya yana shiga daji da ƙafa, babu babur mai ƙafa huɗu irin na sauran sansani. Ya yi murmushi ya ce a ransa, ga inda kuɗina bai tafi ba. Iyakar tunanin da ya yi ke nan.

Kwanaki ya yi sauro na cinsa. Ran nan da yamma, baƙin abu ya fito daga cikin ciyawa ba motsi ba ƙara, ya tsaya a gefen duron. Bayansa ya kai baki, har ya wuce. Merle ya saita bindiga ya danna. Harbi ɗaya, mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Ya sauko daga dandamalin. Yana matsowa beyar yana ƙanƙancewa. Da ya isa sai ya ga duron ko cinyarsa bai kai ba, duron da ya kamata ya taɓa masa ƙugu. A gefensa ga ɗan abu kwance, kunnuwa manya, ƙafafu sirara, sukari fari a hancinsa.

Armand ya iso, ya duba, ya saɓa shi a kafaɗa shi kaɗai.

"Doka ba ta hana ba, maigida. Ɗan bara ne, ya riga ya rabu da uwarsa."

"Don me ba ka gaya min duronka ƙarami ba ne?"

"Ka tambaye ni zanen gado, na gaya maka. Ka tambaye ni kofi, na gaya maka. Babban duro sai mai babur, ni bayana ɗaya ne."

A sansani al'ada ce a rataye abin da aka harbo a kan gungume a auna shi a gaban kowa. Ma'aunin ya tsaya a laba saba'in da ɗoriya.

Babban ɗan Ohio ya zagaya shi yana sosa gemu. "Mutumina, ka duba wuyansa kuwa? Kada mai karen ya biyo sahu."

Ƙanin ya ce zai koya wa Merle dabarar hoto, a zauna can baya a miƙo hannu, sai dabba ta fito ƙatuwa. Merle ya ja baya ya zauna, ya miƙo hannun, aka ɗauka. Wannan hoton ya fi harbin cin ransa, har yau ba wanda ya gani a garin nan. Lasisinsa na beyar ɗaya ne, don haka sauran kwanakin a bakin bukka ya yi su, yana cin waken da ya biya.

A hanyar gida ya tsaya a kan wata gada, ya buɗe akwatin ƙanƙarar da ya sa beyar ɗin a ciki, ya yi niyyar jefawa a ruwa ya ce bai ga komai ba. Ya kasa. Ya kashe ɗan abin nan a banza, ba zai ƙara da wulaƙanta shi ba. Kuma Merle bai taɓa zubar da abin da ya biya ba.

Nadine ta leƙa akwatin ta ce, "Ina sauran?" Da ta ga fuskarsa ba ta sake tambaya ba.

Fatar ta dawo daga wajen majemi ana fara dusar ƙanƙara. Merle ya naɗe ta a hammata ya kai gidan surukinsa, ya shimfiɗa a kan tebur tsakanin kwanon dankali da na miya. Ko kwano ɗaya ba a matsar ba.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Bayansa ya kai bakin duro?"

"Ya wuce, Baba."

"Duron wa?"

Merle ya dubi cokalinsa. "Na mai araha."

Da tsohon ya yi dariya da abin ya zo da sauƙi. Bai yi ba. Ya shafa kunnen fatar da yatsa, ya ce wa Nadine ta ɗauko guduma da ƙusa.

"Baba, a bar shi mana," in ji ta.

"Shi ya ce a bar masa wuri. Na bar masa."

Merle da kansa ya hau kujera ya buga ƙusoshin, inda tsohon ya nuna masa da sanda, daidai ƙarƙashin hannun babbar. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce, kai, uwa da ɗanta.

Fatun biyu suna nan a bangon. Merle bai fasa zuwa ranar Lahadi ba, bai kuma nemi a canza masa kujera ba, yana cin abincinsa kansa a ƙasa. Kwanan baya wani ya tare shi a bakin coci yana tambayar inda taya ta fi araha. Merle ya ce bai sani ba, ya sayi mai kyau kawai.