Na Ce wa Likita Na Gane, Alhali Ban Gane Ba

Assalamu alaikum. Shekaru da yawa ina riƙe da maganar nan, ko ƙannena ba su san ta duka ba. Yau zan faɗa.

Farkon shekarun Shari'a ne, ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Jibiya. Ƙishirwa ta fara damuna, ga yawan fitsari, ga rama. Na san alamun ciwon suga sarai, ni nake koya wa mata su. Amma kunya ta hana ni miƙa yatsa a gwada ni a wurin aikina.

Sai na shiga motar Maraɗi, inda ba wanda ya san ni.

Gwaji ya nuna suga ne. Azumi saura kwana uku, na ce wa likitan zan yi. Ya yi bayani da sauri, rabi Hausa rabi Faransanci, ya rubuta mini magani da yadda zan raba ƙwayar. Ya ce, "Tunda ke ma'aikaciya ce, kin gane ko?"

Na ce na gane.

Kalmomin Faransanci biyu ne a takardar, ɗaya da rabin ƙwaya, ɗaya da guda. Ban san wacce ce safe wacce ce marece ba. Jibiya cike take da masu jin Faransanci, ban tambayi kowa ba. Na yi ƙiyasi, na juya su: guda da sahur, rabi da buɗa-baki.

Rana ta huɗu da azumi, wajen azahar, ina gwada jinin wata mata, gumi ya karyo mini, na yanke jiki na faɗi. Na farka a gadon marasa lafiya, ana ƙara mini ruwa. Sista Ramatu, shugabarmu, tana riƙe da takardar, ta kasa karantawa.

Hajiya Indo, 'yar kasuwa daga Maraɗi da ke gadon kusa, ita ta karɓa, ta tambaye ni yadda nake sha. Ta ce, "Ɗiyata, ai gudan nan na marece ne. Kin juya." Ta ƙara da cewa, "Kar ki damu. Ni ma ranar da kika yi mini bayanin maganina, cewa na yi na gane."

Na juya fuskata bango.

Kwana biyar na yi a kwance. A lokacin ina karatun ƙaro ilimi, an ba mu wata maƙala daga mujallar aikin jinya mu yi sharhi. Maigidana ya kawo mini ita in rage zaman shiru. Maƙalar na cewa kar a tambayi majinyaci ko ya gane, a sa shi ya maimaita da bakinsa. A gefen shafin na tarar da abin da na rubuta da jan biro tun kafin azumi: "Namu ba rashin ganewa ba ne, taurin kai ne."

Ban goge ba. Na rubuta sabon sharhi a ƙarƙashi, na miƙa wa malaminmu haka, da sunana.

Alhamdulillahi, sugana ya daidaita, har yau ina shan magani. Na gode wa Allah, na gode wa Sista Ramatu da ba ta taɓa yi mini gori ba. Hajiya Indo ta rasu, Allah Ya jiƙanta.

Masu suga, kar ku ɗauki azumi sai kun zauna da likita. Kafin ku bar ɗakinsa, ku maimaita masa abin da ya ce.

'Yan'uwana ma'aikata, in majinyaci ya yi saurin gyaɗa kai, ku ja kujera ku zauna. Wataƙila kunyarku yake ji.