Sunan da Hajiya Ladi Ba Ta Faɗa

Gyadi-Gyadi

Na fito bayan sallar asuba, kwamfuta a jaka. Maiɗakina tana ta yi mini dariya, wai na yi shiri kamar mai zuwa Legas alhali Tarauni ce kawai. Ni kuwa na rungumi jakar na kama hanya.

Akwai wani ƙaramin asibiti a can da na haɗa wa tsarin shiga sau ɗaya: ma'aikaci ya sa kalmar sirrinsa, duk manhajojin asibitin su gane shi ta wani ɗan katin shaida da muke kira tokin. Tokin ɗin sunan yanka kawai yake ɗauka. To, Hajiya Ladi mai karɓar marasa lafiya, ɗanta na fari ne sabon mai ba da magani, kuma sunan surukinta gare shi. Duk wanda za ta tura ɗakin magani sai ta karanta masa sunan mai ba da maganin da allon kwamfuta ya nuna. Ta ce wallahi gara ta ajiye aikin.

Hanya

Na tari adaidaita a bakin titin Zariya. Direban, wani mutumin Ɗambatta, ya ga ina rungume da jaka kamar jariri, ya tambaya ko gwal ne. Na ba shi labari. Bai yi dariya ba ko kaɗan.

«Ai tana da gaskiya, Malam. Ni har yau Inna "wannan yaron" take ce mini.»

A shataletalen Dangi masu kula da hanya suka tsare mu, suka duba takardu suka sake mu. Na sauka a Ƙauyen Alu na sha koko da ƙosai a tsaye, ina sake duba gyaran da zan kai a raina. Na ƙara wa tokin wani gurbi na "sunan kira", amma ɗan ɓangaren da manhajojin ke karanta tokin da shi yana watsar da duk abin da bai sani ba. Sai da na koya masa karɓar ƙarin bayani, in babu kuma ya koma kan sunan yanka.

Tarauni

Na tarar da Hajiya ta lulluɓe allon da gyale, tana nuna wa mutane ƙofa da hannu. Muka gaisa, ta tambayi iyali, amma ko kallon jakata ba ta yi ba. Na sa gyaran, na tambayi ɗan nata me ake kiransa a gida. Ya faɗa mini yana sunkuyar da kai, na shigar da shi a sabon gurbin. Ya fita daga tsarin ya sake shiga.

Wata tsohuwa ta miƙo katinta. Hajiya ta ɗaga gefen gyalen da yatsu biyu, ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yaye shi gaba ɗaya ta yafa a kafaɗa.

«Inna, ki je wajen Abba, ƙofa ta biyu.»

Na ji daɗi har cikin raina.

Gida

Kafin azahar na dawo, da ƙullin dambun nama da Hajiya ta cusa mini a jaka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban Ɗambatta. Hajiya kuwa ba ta ajiye aikin ba, tana nan a kan kujerarta.