Takalman Sale a Bakin Ƙofa

Wallahi a kaina abin nan ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya, da muka gama cirar gyaɗa a ƙauyenmu can gefen Ɗanbatta, ni da maƙwabcina Sale muka tafi cirani wani ramin kwal a kudu. Al'adar wurin, duk mai shiga sai ya tuɓe takalmansa a bakin rami, don a san wa ke ciki.

Kwana uku itatuwan da aka tokare rufin ramin da su suna ƙara, na gaya wa mai ramin, ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, "Malam, ku shiga, Allah ke tsarewa." Ran nan na fito sallar azahar, ban ko kira Sale ba, ina cikin alwala ƙasa ta rufta. Innalillahi! Kafin la'asar mutumin ya sa katafila ta toshe bakin, ya ce ba kowa a ciki, wanda ya ce akwai kuwa ya kuka da kansa. Ni dai na sunkuci silifas ɗin Sale na cusa a riga.

Tsoro ya sa da na dawo gida na ce wa matarsa Hadiza ya wuce gaba neman aiki, na jefa takalman a rumbu. Ita ba takaba ba, ita ba miji ba, kullum tana aiko tambaya ko ya bugo.

To, ranar kasuwa da rana tsaka na dawo, sai ga takalman a ƙofar ɗakina, a jere, sun fuskanci ciki, garin kwal baƙi ƙirin a kansu. Ba wanda ya taɓa rumbun. Na jefa su tsohuwar rijiya, bayan kwana biyu ga su nan.

Na je na durƙusa na faɗa wa Hadiza gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ka san inda yake, kai ni." Muka je da mai unguwa, muka tarar an shuka masara a wurin, mai ramin ya ce bai taɓa ganina ba. Haka muka juyo, aka yi masa sallar ga'ib, ta shiga takaba.

Na ba ta takalman, amma har yau duk kaka sai na gan su a ƙofata, kuma ban san abin da zan yi wa Sale ba. Ku dai in kun ji itace na ƙara ku fito, ku kira ɗan'uwanku. Ni na san abin da takalmi a bakin ƙofa ke nufi: mai shi yana ciki.