Dariyar Inna a Cikin Takaba

Shekarun baya, da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, na ɗauki hutu daga wurin aikina a Kankiya na koma gida Mawashi in taya mahaifiyata zaman takaba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidajenmu an san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan".

Na zage na shiga hidima. Ni ce girki, ni ce tarbar masu gaisuwa, ni ce tsayar da mai nono a dama wa Inna fura, ta kurɓa kaɗan ta ture. Ba ta kuka, ba ta magana, sai jan carbi. Ta rame ƙwarai, har tsoro ya kama ni kada ita ma mu rasa ta.

Ana haka sai ga autarmu ta dawo daga makaranta da wani littafin soyayya mai ban dariya. Na ce ta ji tsoron Allah, gidan makoki ne. Ko kallona ba ta yi ba.

Da la'asar ina wanke-wanke a ƙofar ɗakin Inna, sai na ji auta tana karanta mata. Labarin wata tela ne da mijinta ya rasu, ga wani bawan Allah yana nemanta, amma duk ranar da ya zo zance mashin ɗinsa sai ya mutu, sai ita ta taya shi turawa. Kawai na ji Inna ta yi dariya.

"Auta, mi ya hana shi saida mashin ɗin nan?"

Na yi hamdala, amma gaskiya kishi ne ya riga ta zuwa. Ni da hayaƙi ya cinye wa ido ban samu ko murmushi ba, mai mataccen mashin ya samu dariya!

Ranar da suka kai inda telar ta tsinci hular marigayin a cikin kayan ɗinki ta shinshina, Inna ta kifa kai a kafaɗar auta ta yi kuka mai isarta. Bayan nan ta cinye tuwo tas. Tuwon da na tuƙa, amma auta aka sa wa albarka.

Na ce ba za ta saɓu ba. Ranar da auta ta tafi kasuwar Kusada, na ɗauko littafin na zauna gaban Inna na gyara murya. Layin farko da na ci karo da shi, saurayin ne ke zuba kalaman so. Inna ta juya fuska bango.

"Ke, aje. Tukunyarki na ƙauri."

Ko wuta ban hura ba a lokacin.

Auta na dawowa na juye mata haushina kaf. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, ba ki lura sai kin hwara wanke-wanke nike hwara karatun ba? Inna ke sa ni jira. Cewa take, 'Ɗaga murya waccan ta ji. Tunda ubanta ya rasu ba ta zauna ta yi kuka ba.'"

Washegari kwano ɗaya na yi ta cuɗawa har aka gama babi. Na yi dariya, na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, kuma babu wanda ya leƙo ya katse ni.

Tun daga nan na daina raina irin waɗannan littattafan. Kishin kuwa yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Har yau idan na ga auta ta jingina da Inna suna shewa, sai na kau da kai. Ni dai har gobe waccan ce. Amma duk sanda na je gida na durƙusa wanke-wanke, ƙofar ɗakinta a buɗe nake samunta.