Kyamarar Iddrisu a Bakin Gota

Iddrisu mai gyaran waya ne a Maamobi, mutumin Tamale da ya zo Accra tun yana saurayi. Shagonsa na katako yana bakin babbar gota mai kwaso ruwa da bola daga unguwannin tudu. Da damina ruwan kan iso ko da ba a yi ɗigo a Maamobi ba.

Shi ya sa ya sayi wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa ta da kyamara a kan gadar da ta ƙetare gotar. In ruwa ya wuce jan fentin da ya shafa a bangon gotar, sai ta aika saƙo wayoyin maƙwabta. Memorinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, kaɗan ne, kuma raba shi ake yi tsakanin ɓangaren lissafi, mai auna ruwa da aika saƙo, da ɓangaren hoto. Iddrisu ya ba lissafi kaso mai tsoka.

Yayarsa Latifa, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a gefen shagon, ta ce mutane ba sa yarda da abin da ba su gani ba. Ta matsa masa har ya kafa talabijin a ƙofa mai nuna hoton kyamarar. Hoton ya riƙa yankewa, masu cin abinci suna dariya. Abin ya ci masa rai. Ya shiga saiti ya canza lamba ɗaya, ya tura yawancin memorin ga hoto, hoto kuwa ya fito tas.

Wata Laraba bayan azahar, arewa ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke. A talabijin ruwan yana can ƙasa, babu wayar da ta yi ƙara. Latifa ta daɗe tana kallo da ludayi a hannu.

"Iddi," ta ce a hankali, "ledan nan da ke kan ruwa tun ɗazu bai motsa ba."

Ya matso ya duba. Agogon da ke kusurwar hoton ma a tsaye yake. Memorin lissafi ya ƙare, na'urar ta sandare a kan tsohon hoto. A lokacin ya ji warin laka, da wani gurnani daga ƙarƙashin gada.

Suka bi gida-gida suna buga ƙofa. Ba a rasa rai ba, amma ruwan ya tafi da shagon da tukwanen Latifa.

Yanzu Iddrisu yana gyara a wata rumfa kusa da Kasuwar Malam Atta. Tsofaffin maƙwabta suna amsa gaisuwarsa, sai dai a gajarce. Mai filin ya riga ya ba wani tela gurbin shagon, har ya fara kafa katako.