Safar Hannun Yaya Rabi

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Yaya Rabi, amma safar hannunta tana nan rataye a ƙusar ɗakinta a Gangara. Ba wanda ya iya sauke ta, har ni.

Yayata ce, unguwarzoma. Da malaman likita suka ba ta safar roba, ratayewa ta yi. Ta ce jariri ba ƙazanta ba ne da za a tare shi da roba, kuma mai haihuwa za ta ɗauka ƙyamarta ake. Taurin kai kam ba a magana. Wata rana tana yanke cibiya reza ta kama ta a babban yatsa, hannun duk jinin haihuwa. Ta ƙunsa lalle a wurin, ta ci gaba da aikinta. Bayan wasu shekaru sida, wato cutar ƙanjamau, ta kwantar da ita, ta rame har awarwaro yana zubowa da kansa. Har yau ina jin haushinta, ina kuma kewarta.

'Yata ta ci sunanta, muna ce mata Takwara. Ta gaji aikin, sai dai ita ta yi lakol, makarantar boko. Bara ta dawo daga ƙauyen da take aiki da babban yatsa a ɗaure. Allurar da aka yi wa wata mai naƙuda mai ɗauke da cutar ce ta soke ta. Akwai maganin da ake sha bayan irin wannan, amma dole a fara kafin kwana uku su cika, ga shi nasu ya ƙare. Ta ce za ta jira a kawo.

Washegari da rana tsaka na shiga ɗakin Yaya ɗauko tabarma. Ko iska babu, amma safar tana lilo. Yatsu huɗu sun manne don tsufa, babban kaɗai ke miƙe.

Na fito na ce, "Takwara, tashi, asibitin Agiye za mu yanzu."

"Inna, ɗan tsini ne fa, bai kai ya kawo ba."

"Haka mai sunanki ta ce."

Kafin la'asar ta haɗiye ƙwayar farko. Ta sha kwana ashirin da takwas, gwajin da aka yi daga baya ya fito lafiya.

Yanzu har akwai maganin da ake sha tun kafin haɗarin ya zo. Da Yaya na nan, dariya za ta yi wa lafiyayye mai shan magani. Ko ba za ta yi ba? Ban sani ba. Na san dai yaran da ta tara da hannu tsirara yau magidanta ne, ita kuma ba ta ga 'ya'yansu ba.

Takwara ta rataye kwalbar maganin da ta shanye a ƙusar nan. Tun ranar nan, safar ba ta ƙara motsi ba.