Asibitin da Ba a Mutuwa

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako, aka kawo Kaka gidanmu a Birnin Gwari daga Kuyello. Mahaifiyar babana ce. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, har ta kai ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Matar da ta yi shekaru tana dafa daddawa tana kai wa kasuwa da ƙafarta, ga shi sai an riƙe mata sanda zuwa bayan gida. Bakinta dai lafiyarsa ƙalau. Ni take kira maigidanta, kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki maza, kullum tana mitar na aure ta na bar ta ba cefane.

Sau biyu Baba yana sa sunanta idan likitocin ido suka zo gari yin aiki, sau biyu tana ƙi. Dalilinta ɗaya ne. Ƙanwarta, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya, an taɓa shiga da ita ɗakin tiyata a birni, ba ta fito da rai ba. Tun daga nan Kaka ta yanke hukunci cewa ƙofar tiyata shiga kawai ake yi. "Gara in mutu a makance a kan tabarmata," in ji ta. Baba ya yi lallashi, ya sa limami ya yi, duk a banza.

A wannan damina kawuna ya dawo daga Kaduna da faya-fayan wani tsohon wasan asibiti na Turawa, irin mai dogon zango, wanda aka yi shi tun ina goye. Launinsa har ya koɗe. Amma ranar da muka sa na farko, gidanmu ya kamu. Da an yi la'asar, in akwai wuta, sai matan gida su baje a falon Baba da kwanon gyaɗa suna ɓara. Maƙwabciyarmu ma takan shigo, wata malamar firamare 'yar Gbagyi da muke kira Malama. Ni da ita ne kaɗai ke jin Turanci, ita kuwa ta ce ta gaji da magana tun safe a aji, don haka fassara ta faɗo a kaina.

Har yau ina mamakin yadda wasan nan ya shiga jikinmu. Innata ta koma wanke hannu har gwiwa kafin ta tuƙa tuwo, ta ɗaga su sama suna ɗiga. Akuya ta yi ɓari, matan gida suka taru a kanta suna ba juna umarni. Ina ganin abin da ya kama mu shi ne, a can mutum ɗaya zai faɗi, goma su kwaso a guje, ba wanda ke tambayar ɗan gidan wane ne.

Kaka da farko daga ƙofa take zama, wai iska take sha. Kwana uku ta matso kusa da ni. Ita ba ta ganin komai sai haske yana motsi, saboda haka aikina ya zama biyu: in faɗi abin da aka ce, in faɗi abin da ake yi. Ta raɗa wa kowa suna. Akwai Mai Sanƙo, babban likita mai faɗa, wanda ta ce halinsa sak na marigayi kakana. Akwai wata nas da ta kira Uwar Ɗaki. Akwai wani matashin likita mai rawar kai da ba ta taɓa yarda da shi ba, ko muryarsa ta ji sai ta ja tsaki.

Ranar da aka fara mutuwa a ɗakin tiyata, ina tsakar fassara. Wani tsoho ne aka shiga da shi. Na ga an ja masa mayafi har fuska, Mai Sanƙo ya cire safar hannu ya jefar. Kaka ta taɓo gwiwata.

"Maigida, yaya tsohon nan?"

Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. "Ya farfaɗo, Kaka. Barci yake yi. Gobe za a sallame shi."

Malama ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Na ƙifta mata ido. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Da aka tashi na bi matan gida ɗaya bayan ɗaya na roƙe su, suka yarda.

Daga ranar ba a sake mutuwa a asibitin nan ba. Wanda mota ta take, na mai da shi wani asibiti inda 'yan'uwansa suka fi kusa. Matar da zuciyarta ta tsaya, na ce mijinta ya zo ya tafi da ita gida. In aka nuna dangi suna kuka a baranda, sai in ce kukan murna ne, Turawa haka suke. Na ƙware har na fara ƙari, ina ba matattu sana'a da 'ya'ya. Wata rana Malama ta tare ni a zaure ta ce, "Kai, ko a coci ba mu ta da matattu da yawa haka ba." Muka yi dariya, amma ta ce in ci gaba, Allah ya san niyyata.

Gaskiya ina jin tsoro a lokacin. Ina son tsohuwar nan ƙwarai, kuma na san in ta gano ƙarya nake yi, ba za ta sake yarda da maganar asibiti daga bakin kowa ba.

Da damina ta wuce, ana cikin girbin masara, aka yi shela likitocin ido za su sake zuwa. Baba bai ma yi niyyar tayar da maganar ba. Kaka ce da kanta, tana shan koko da safe, ta ce, "A sa sunana. Amma in mai rawar kan nan ne zai yi, na fasa."

Ni na kai ta a bayan babur ɗin Baba, ta riƙe ni tamau tana zagin tuƙina har muka isa. Layin tsofaffi ne daga Randagi da Kusasu da ƙauyukan cikin daji, kowa da ɗan jagora. Da aka zo shiga da ita, ta tambayi ma'aikacin ko ya wanke hannu har gwiwa. Ya ce ya wanke, Hajiya. Aikin bai kai tsawon kashi ɗaya na wasanmu ba, ko barci ba a sa ta ba. Ni ne dai na kusa haƙa rami a barandar nan da safa da marwa.

Washegari aka cire bandeji daga idon dama. Ta yi ta ƙifce-ƙifce, sannan ta ɗaga hannunta ta dube shi gaba da baya. Ta dubi Baba ta ce ya yi furfura bai gaya mata ba. Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya fita waje wai zai amsa waya.

Bayan mako biyu aka ba ta izinin kallo. Ni kuwa ban taɓa tunanin wannan ranar ba. Ta zauna gaba-gaba da baƙin tabarau, ta ga Mai Sanƙo ido da ido, ta ce ashe ma ya fi kakana kyau. Ana cikin haka aka shiga da wata mata tiyata, aka ja mata mayafi har fuska. Matan gida suka juyo suna dubana. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

"Maigida," in ji Kaka, "wannan wane garin za ka kai ta?"

Matan gida suka fashe da dariya, Malama har da riƙe ciki. Na ce, "Kaka, tun yaushe kika sani?"

"Tun tsohon farko. Ido ne ya mutu, ba kunne ba. Uwarka ba ta iya ganin gawa ta yi shiru, ko ta Bature ce, ko ta wasa ce. Kana cewa ya farfaɗo, ita tana bayana tana Inna lillahi a hankali."

Inna ta rufe fuska da gefen mayafi. Ashe duk wata ukun nan, ni ina ta da su, ita tana yi musu salati.

Na ce, "To me ya sa kika yarda aka yi aikin?"

Ta juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannu. "Na ji ana mutuwa, na kuma ji ana tashi, kamar ko'ina. Amma yaron da ya yi wata uku yana zuba ƙarya bayan sallar la'asar don kawai in gan shi, ai sai in daure in zo in ga fuskar tasa." Ta zare tabarau ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo. "Kai, an cuce ni. Da na san haka mijin yake, da na zauna a makance."

Ta yi shekara shida tana gani bayan nan, ta koma tsintar wake da zura zare a allura da kanta. Yanzu wasannin asibiti sun cika waya, har da masu fassarar Hausa, kuma nakan kalla. Amma duk sanda aka ja wa wani mayafi, sai in ji bakina yana motsi, ina nema masa garin da zan kai shi.